Ɗalibi ɗan kasuwa: a rufe masa shago kafin a rufe masa aji

Tun daga zangon karatu na 2007/2008 aka wajabta wa duk mai neman digirin farko a Najeriya ya ci kwas ɗin koyon kasuwanci kafin ya fita. Umarni ne da Gwamnatin Tarayya ta bayar a 2006 ta hannun Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, kuma sabuwar manhajar da hukumar ta ƙaddamar a Disambar 2022 ta ƙara jaddada shi da kwasa-kwasai biyu, ɗaya a aji biyu, ɗaya a aji uku, na biyun kan yadda ake kafa sana'a daga tushe. To amma wanda ya buɗe littafin dokokin da ake miƙa wa sabon ɗalibi zai ga wani abu daban. Akwai shafuka a kan satar jarrabawa, da ƙungiyoyin asiri, da sutura, da faɗa, da shaye-shaye. In an ambaci ciniki, galibi layi ɗaya ne a ƙarƙashin dokokin ɗakunan kwana, mai cewa an hana saye da sayarwa. Da safe malami na ba yaro maki don ya rubuta tsarin kasuwanci, da yamma fotan hostal na da hurumin ƙwace masa kaya don ya aikata abin da ya rubuta. Ra'ayina shi ne manyan makarantunmu na bukatar rubutacciyar ƙa'idar sana'a ga ɗalibai masu kasuwanci, gajeriya, wadda ginshiƙinta zai zama cewa laifin kasuwa a kasuwa ake fara hukunta shi. Wanda ya saɓa, a hana shi ciniki a harabar makaranta, a sa shi ya biya haƙƙin mutane. Kora daga karatu kuwa a ajiye ta ga laifuffuka ƙalilan.

Hanin dai ba wanda ke bin sa. Duk wanda ya san ɗakunan kwanan ɗalibai a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ya san kasuwa ce mai ci dare da rana. Wannan na soya awara da cincin, waccan na haɗa humra da turaren wuta, wata na lalle da kitso. A ɓangaren maza ga mai aski, ga mai gyaran waya, ga mai data, ga mai POS. Babban shagon ma a waya yake, a sitatus ɗin WhatsApp da shafin Instagram, inda ake tallar abaya da takalma, a karɓi kuɗi yau a ce kaya na hanya daga Kantin Kwari ko Legas ko Sin. Ba sha'awa kaɗai ta kawo haka ba. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya zaunar da ɗalibai a gida wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, da yawa suka koma makaranta da sana'a a hannu. Sai aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, naira ta faɗi, jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, ga wanda ya dace, naira 20,000 yake bayarwa a wata don ɗawainiya, abin da bai kai sulusin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Hukumar da ta ce wa mai kunun aya ta daina, ba tare da ta nuna mata inda za ta samo na abinci ba, ita kanta ta san ba da gaske take ba.

Illar dokar da ba a bi, ba a kuma soke ta ba, ita ce ta koma hannun masu ƙaramin iko su yi yadda suka so da ita. Mai sayarwa na zaune a ƙarƙashin rahamar fota da jami'in tsaro: wani ya kau da kai, wani ya nemi na goro, ranar da aka ɓata a kwashe kayan a ce doka ce. Mai saye kuma ba shi da inda zai kai kuka. Wanda ya tura kuɗin takalmi aka yi wata biyu ana ce masa gobe, in ya je ofishin harkokin ɗalibai abin da zai fara ji shi ne, wa ya ce ku yi ciniki a nan? Sai ya koma ga abin da ya rage masa: tonon silili a guruf ɗin aji, da hoton mutum da sunansa da lambar wayarsa, ko kuma ya ɗauko 'yan sanda. Na farkon hukunci ne da ba a saurari kowa ba kafin a yanke shi, ba shi kuma da ranar ƙarewa, yana iya bin yarinya har gidan aurenta a kan bashin da ta riga ta biya. Na biyun ya saɓa doka, domin sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Sau da yawa ma mai sayarwar ce aka cuta. Abokan ɗaki su ɗauki kaya bashi, kunya ta hana ta tambaya, hutu ya zo kowa ya watse, jari ya tafi. Ita ma ba ta da bakin ƙara, don in ta kai, kanta ta tona.

Abin da za a rubuta ba shi da yawa. Mai sana'a ya yi rajista da sunansa na gaskiya da lambarsa ta ɗalibi, ya faɗi abin da yake sayarwa. Ya bayyana farashi da aibin kaya, ya faɗi ranar kawowa, in ya kasa ya mayar da kuɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya yi makarantar Islamiyya, domin babin ciniki na Risalar Ibn Abi Zaid ya haramta algus da ɓoye aibi tun fiye da shekara dubu. Sai iyakar abin da ɗalibi ba zai taɓa ba ko da ya iya. Ɗan aji uku a sashen haɗa magunguna bai zama mai ba da magani ba tukuna, mai koyon jinya ba ta da hurumin yin allura ko ɗaura ruwa a ɗaki don kuɗi, man bilicin da ake haɗawa a roba ba suna ba lamba kuma ba shi da gurbi a makaranta, balle bayan hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta ayyana bilicin a 2023 a matsayin lamarin gaggawa ga lafiyar ƙasa. Masu girki a ware musu wuri mai ruwa da wutar da za ta ɗauki nauyi. Tsoron gobara shi ne hujja mafi ƙarfi da masu hani ke da ita, amma risho goma a ɓoye a ƙarƙashin gadaje sun fi goma a fili haɗari.

Inda ya kamata ƙa'idar ta fi tsauri shi ne kuɗin mutane. Sayar da abin da ke hannunka daban, riƙe kuɗin wasu daban. Adashi da odar da ake tara kuɗinta kafin a sayo kaya duk amana ce, kuma rigima mai zafi takan tashi ne idan uwar adashi ta juya kuɗin zubi a wata harka da niyyar mayarwa kafin ranar kwasa. A nan littafin da kowane mai zubi zai iya dubawa, da iyakar abin da ɗalibi zai riƙe ba tare da mai tsaya masa ba, sun isa. Amma akwai nau'in da hani ne kaɗai maganinsa, wato tara kuɗi da alkawarin riba tabbatacciya, ka zuba dubu goma ka kwashi goma sha uku a wata. Ƙasar nan ta ga MMM, wadda ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, har hukumar NDIC ta ƙiyasta asarar da naira biliyan 18. Ta sake ganin irinta, CBEX, a Afrilun 2025. Irin wannan harka da jawo sababbin mutane take rayuwa, kuma da wuya a sami wurin da ya fi makaranta tara masu yarda da juna. Ɗalibin da ke raba lambar gayyata a guruf ɗauka yake la'ada yake ci, bai san Dokar Zuba Jari ta 2025 ta tanadi ɗaurin shekara goma ga masu tallata irin wannan tsari ba. Haka wanda ya ara wa wani asusunsa na banki a tura kuɗi a ba shi kaso; in EFCC ta zo, sunan da ke kan asusun take nema.

Sai dai duk ƙa'idar da ba ta bambanta karyewa da ha'inci ba, cuta ce. Nan ne kwamitocin ladabtarwa na jami'a suka fi rauni, domin mambobinsu 'yan albashi ne, akasarinsu ba su taɓa ɗora jarinsu a mota suka kwana suna addu'a ba. A idon ɗan albashi, wanda ya karɓi kuɗi bai kawo kaya ba ɓarawo ne. Ɗan kasuwa kuwa tambaya zai yi. Ya sayo kayan? Akwai shaidar tura kuɗi ga dila? Da abin ya lalace ya sanar, ko kashe waya ya yi? Ya ci gaba da karɓar kuɗin wasu bayan ya san ba zai iya biyan na baya ba? Ɗalibar da ta karɓi oda a kan canjin dala na Litinin, kafin kaya su iso canjin ya tashi, kamar yadda ya yi ta faruwa a 2023 da farkon 2024, ba ta da laifi sai rashin gogewa, kuma don ta goge aka sa ta a kwas ɗin tun farko. Abin da ke kanta biya ne, a tsara mata shi kashi-kashi. Wanda ya ɗora hoton kayan da bai taɓa mallaka ba, ko ya ƙirƙiri alat na bogi, ko ya sauya suna a Instagram ya sake buɗe shago bayan ya cinye na farko, wannan niyyarsa a fili take.

Hukunta ɗan kasuwa ta hanyar kasuwarsa ba sai an aro shi daga Turai ba. A farkon shekarun 1960 masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin yadda Hausawa ke tafiyar da cinikin shanu da goro, littafinsa ya fito a 1969. Ya tarar ana sayar wa mahauta shanu bashi, ba takarda ba kotu, amma kuɗi na dawowa. Sirrin na wurin maigida, mai saukar da fatake, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya a kan bashin, da dillalansa da suka san ƙarfin kowane mahauci da halinsa. Wanda ya ci bashi ya ƙi biya, ba zai sake samun shanu bashi ba. Har yau haka 'yan kwamitin kasuwa ke yi: a kira mutum, a yi sulhu, in ya ƙi a sa wa shagonsa kwaɗo. Hukuncin na ci ne don ya taɓa abin da mai laifin ke tsoron rasawa, ya kuma bar masa hanyar dawowa in ya biya. Jami'a za ta iya haka cikin sauƙi, tun da filin nata ne. A fara da gargaɗi a rubuce da umarnin biya, in ba a ji ba a dakatar da izinin ciniki na zango ɗaya, in an sake a soke shi a cire suna daga jerin masu rajista da kowa ke iya dubawa. Idan bashi ya tabbata aka yi taurin kai, a riƙe takardar sallama ta ƙarshe, muddin ɗalibin ya sa hannu a kan wannan sharaɗi ranar rajista. Iyakar inda hannu zai kai kusa da karatu ke nan.

Za a ce wannan sassauci ne, mai damfarar 'yan uwansa bai cancanci digiri ba tun da digiri shaida ce ta ilimi da hali. Maganar na da nauyi. Amma mai yin ta ya tuna da shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri. Bayan tarzomar ɗalibai ta Fabrairun 1983, jami'ar ta kori waɗanda ta zarga da ƙone-ƙone da kwasar ganima da cin zarafi. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar bisa dalilan da har yau suke ɗaure da kowane kwamitin ladabtarwa: abin da dokar ƙasa ta kira laifi kotu ce ke yanke hukunci a kansa, mataimakin shugaban jami'ar da ya jagoranci binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa, ga shi ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar kare kansu ba. Damfara laifi ce a dokar ƙasa. Kwamitin da ya zauna ya ce ɗalibi ɗan damfara ne ya kore shi ya yi aikin da ba nasa ba, kuma lauya mai matsakaicin ƙwazo zai iya dawo da ɗalibin bayan shekaru, lokacin da waɗanda aka cuta sun gama sun tafi ba su ga ko kwabo ba. Janye izinin ciniki kuwa ba ya bukatar a kira kowa ɓarawo. Ya isa a nuna an saɓa sharaɗin da aka sa wa hannu. In abin ya kai girman laifi a miƙa shi ga hukuma, a dakatar da ɗalibin in akwai bukata, ikon da Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jami'a a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004, sannan hukuncin kotu ya zama madogarar kora. Akwai kuma lissafin da masu son kora ba su cika yi ba: korarren ɗalibi ba ya biyan bashi.

Sana'a ɗaya ce wannan sassauci bai shafa ba, wato sayar da shi kansa karatun: rubuta wa wani kundin digiri ko aikin jinga don kuɗi, zama jarrabawa a madadin wani, dillancin maki tsakanin ɗalibi da malami. A nan abin da ake sayarwa na jami'a ne, amincin takardarta, don haka hukunci ya hau kan karatu kai tsaye, na mai saye da na mai sayarwa. Ingila ta mai da sana'ar rubuta wa ɗalibai aiki laifi a 2022, Ostareliya ta riga ta tun 2020. Amma a fayyace iyakar, domin buga wa mutum abin da ya rubuta da kansa, ko ɗaure masa kundi, halastacciyar sana'a ce da ke ciyar da ɗalibai da yawa.

Wasu za su ce ai ƙasa na da hukumominta: CAC na rajistar kamfanoni, NAFDAC na duba abinci da magani, FCCPC na kare masu saye. Gaskiya ne, amma babu wadda za ta aiko jami'i hostal a kan rigimar naira dubu takwas. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ba ta wajabta rajista a kan mai ciniki da sunansa na gaskiya ba tare da ƙari ba. In sana'a ta girma ta fara fita gari, aikin cibiyar koyar da sana'o'i ta makarantar ne ta kama hannun mai ita zuwa waɗannan ofisoshi.

Sukar da ta fi damuna daban ce. A ƙasar nan duk inda aka ce rajista kuɗi ne zai biyo baya, duk inda aka kafa kwamiti an buɗe sabuwar ƙofar na goro. Jami'o'in da ke kukan rashin kuɗi na neman kuɗin shiga ta ko'ina, kuma ba wuya su sa ido a kan ribar mai awara. Ga wata matsalar da ba a cika faɗa ba: shagunan harabar makaranta haya ake ba da su, wasu na ma'aikata ne ko iyalansu, kuma ɗalibar da ke sayar da abinci a ɗaki tana rage musu ciniki. In mai shago ya zauna a kwamitin da zai yanke mata hukunci, an maimaita kuskuren Maiduguri. Kyakkyawar niyya ba ta maganin wannan, sai rubutu. Ƙa'idar kanta ta ce rajista kyauta ce, ba ma'aikacin da zai ɗauki kayan ɗalibi ba tare da rasit ba, kuma tara ba ta cikin hukunce-hukunce, don kada kwamitin ya sami abin ci a cikin laifin mutane. Rabin kujeru na ɗalibai ne, da mata a ciki, tun da babban ɓangare na cinikin a ɗakunan da namiji ba ya shiga ake yin sa. A ƙara wani daga tsangayar shari'a da ɗan kasuwa na gaske daga cikin gari. A sanar da mutum tuhumarsa a rubuce, ya ga mai ƙararsa, a yanke cikin mako biyu ko uku, ya sami inda zai ɗaukaka ƙara. Abin da sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ke nema ke nan. Kuma ƙa'idar ta hau kan malamai. Ba za a hana wakilin aji tilasta wa 'yan ajinsu sayen kayansa ba, alhali malamin da ke rubuta sunayen waɗanda suka sayi littafinsa kafin jarrabawa na nan daram.

Babu abin da ke jiran Abuja a cikin wannan. Dokar da ta kafa kowace jami'a ta ba shugabanninta ikon ladabtar da ɗalibai, manhajar 2022 kuma ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cika da abin da ya dace da ita. Hanya mafi kusa ita ce a ba 'yan aji uku masu kwas ɗin kafa sana'a aikin tattara rigingimun cinikin da aka yi a hostal ɗinsu cikin shekara guda, ba tare da sunaye ba, su zauna da tsangayar shari'a da ofishin harkokin ɗalibai su fitar da daftari shafi biyu ko uku. A gwada shi zango biyu a hostal biyu, na maza da na mata, a ƙirga ƙararrakin da suka shigo, da kwanakin da aka ɗauka kafin a yanke, da kuɗin da aka mayar wa masu su. Da waɗannan alƙaluman za a je gaban majalisar malamai, in kuma suka nuna kwamitin ya fi cin lokaci a kan mayar da haƙƙi, a gyara shi kafin a kai shi sauran ɗakunan.